Ruwan da Bai Kwana Ba

A unguwar da ke gindin duwatsu, idan baƙo ya tambayi gidan mai haƙar rijiya, sai a ce masa, "Fasa-Dutse kake nema? Nemi famfon da ba a sa wa kwaɗo." Bututu ne ya fito ta ƙasan katangarsa zuwa bakin titi, duk mai ƙishi ya tsaya ya sha, ba a tambayarsa daga ina.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana shiga ƙasa. Ya fara da diga da guga da igiya, tun gwiwoyinsa ba su san ciwo ba, ya ƙare da injin haƙa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, faratansa ba su taɓa yin fari ba. Halinsa ne ya ba shi sunan. Sauran mahaƙa in sun tarar da dutse sai su naɗe igiya su ce a sake wuri, shi kuwa a nan yake tuɓe riga.

"Ruwan sama-sama na kowa ne," in ji shi, "har da masai. Ruwan kirki yana ƙarƙashin dutse."

Yana da gwaji uku da ya gada daga wanda ya koya masa aikin. Ranar da ruwa ya fito, ba mai sha sai ya gama. Sai ya ciro wani kofin gilashi da yake ajiyewa naɗe a tsumma, ya cika, ya ɗaga shi a hasken rana ya duba. Ya sansana. Sannan ya kurɓa ya riƙe a baki, ido a rufe, kamar mai neman tuna sunan wani. In ya haɗiye, masu gida su yi hamdala. In ya tofar, ko wata nawa aka yi ana wahala, cike ramin za a yi. Ido, hanci, harshe. Ba a taɓa jin ruwan da ya haɗiye ya ɓata cikin yaro ba.

Bayan haka sai rufi. Yakan rufe rijiya ruf, ko ƙuda ba ya samun hanya. Rijiya a buɗe, a wurinsa, abin kunya ne ga mahaƙi.

Matarsa wanki take yi: kayan ma'aikata, labule, zannuwan gado na wani masauki da ke bakin kasuwa. Unguwa na ce mata Goggo Mai Wanki. Shi yana ce mata Kumfa. Ita kuma, in ba idon mutane, Malam Gafiya take ce masa, tun da kullum yana cikin rami. A tsakar gida take aikinta, da baho biyu da manyan randuna huɗu jere a gindin katanga. Tana da wata ɗabi'a da take ba shi dariya: ba ta taɓa ruwan da aka ja yau. Sai ta juye shi a randa, ta yafa masa yadi mai shara-shara, ta bar shi sai jibi ko gata.

"Ruwan da bai kwana ba fushi gare shi," takan ce. "Daga barci aka taso shi."

"Ruwan nawa? Wanda na haɗiye?"

"Kai ma in an taso ka ai ba a shan ka."

Haka suke. 'Ya'ya suka zo, suka girma, suka watse, aka bar Auta, ita ma daga baya aka kai ta gidan miji.

Wata damina Goggo ta zame da guga a ka. Ba ta karye ba, amma bayanta bai sake miƙewa daidai ba. Fasa-Dutse ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ita. Mutumin da ya kai ruwa gidajen rabin gari, matarsa tana jan guga a tsohuwar rijiya mai gaba shida! Ran na uku ya kawo inji cikin gidansa.

Kwana goma sha tara ya yi yana faɗa da dutsen. Bakin inji biyu dutsen ya cinye. Bai taɓa zurfi irin wannan ba, ko a gidan masu hali. Da ruwan ya fito, ya fito garau, sanyi har haƙori. Ya duba, ya sansana, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba don daɗi.

Sai ya gina mata ɗakin wanki. Da hannunsa ya ɗora kowane bulo. Ya yi kwami biyu na siminti daidai ƙugunta don kada ta sake sunkuyawa. Ya jawo bututu daga rijiyar kai tsaye, bai sa tanki a tsakani ba, don a ganinsa tanki matattarar gansakuka ne. Ya ɗaura kan shawa mai faɗi a saman kwami ɗaya, yana feso ruwa kamar yayyafi, don ɗauraya. Ya sa ƙofar ƙarfe mai kama bakinta tsaf, ya rataya kwan fitila.

Ranar da ya buɗe mata, ta shiga, ta shafa simintin, ta ɗaga kai ta dubi bango huɗu.

"Malam, ba taga?"

"Tagar me? Ƙura ta shigo ta ɓata miki fararen kaya? Ko sanyi ya shigar miki baya?"

"To randunana fa?"

"Sun yi ritaya."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Aka mirgina randunan bayan ɗaki, aka kife su. Tun daga ranar, da ta idar da sallar asuba sai ta shiga, ta ja ƙofa, ba ta fitowa sai azahar. Daga tsakar gida yakan ji ƙarar ruwa da muryarta tana waƙa a ciki, bango yana ƙara mata zaƙi. In maƙwabta suka zo takan kai su su gani. "Duk garin nan," in ji ta, "ni kaɗai ce mai wankin da ke da ofis."

Shekara goma sha takwas.

Tarin ya fara kamar na kowa. Aka sayo na ruwa a kantin magani, aka sha zuma, aka ce sanyi ne. Da ya ƙi tafiya aka gwada na fuka, aka ce ba shi ba ne. Sai ta fara tsayawa tana hutawa tsakanin ɗakin wanki da igiyar shanya, tafiyar da ba ta kai taku goma ba. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan ya daɗe yana kallon hoton kafin ya juyo.

"Mama, kina shan taba?"

Ta fara dariya, tari ya karɓe.

"Baba fa?"

"Ni ko warinta ba na so."

"Girki da itace a cikin ɗaki?"

"A waje muke yi, tun aurenmu."

Likitan ya rubuta wani abu, bai ƙara tambaya ba. Ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa.

Wata bakwai ta yi. A asibiti ta ƙi ruwan famfonsu, ta ce warin magani yake. Kullum da safe Fasa-Dutse yakan cika jarka daga gida, ya ɗaura a bayan keke, ya kai mata. In ta kurɓa sai ta lumshe ido ta ce, "Wannan ne ruwa. Na Malam Gafiya." Masu jinya suka riƙa kiransa haka a bayan idonsa, ya sani, bai damu ba. Da ta kasa haɗiya, yakan jiƙa auduga ya shafa mata a leɓe. Da hantsin wata Talata tana hannunsa ya ji leɓenta bai ƙara motsi a jikin audugar ba.

Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ce kwana ya ƙare, kuma ya gode Allah da ya ba shi ikon hutar da ita a ƙarshen rayuwarta. Wannan maganar ita ce sandarsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Ai ka kyauta mata, ko ɗakin wankin nan ya isa shaida." Shi kuma ya gyaɗa kai.

Auta ta dawo gida da goyonta, don mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a gari ba. Ta ce ba za ta bar Baba shi kaɗai ba, ba za ta kuma bar masu kawo wa Inna wanki su watse ba. Ƙarar ruwa ta dawo ɗakin. Waƙar ce kawai babu.

Bayan wata biyar wata mata ta yi sallama, da akwatin roba a hannu da takarda rataye a wuya. Ta ce daga ofishin lafiya take, suna gwada ruwan rijiyoyin da ke gindin duwatsu. Fasa-Dutse ya ji daɗi, rabon da ya yi murmushi irin wannan tun kafin rasuwar.

"Kin zo gidan da ya dace, 'yata. Amma kin sha wahalar banza. An riga an gwada."

"Wa ya gwada, Baba?"

Ya nuna harshensa. "Wannan injin ya girme ki."

"To bari ƙaninsa ya gwada shi ma," in ji ta, "kada ya ji haushi."

Ya tsaya yana kallon aikinta da idon mai sana'a. Ta tara ruwa a kwano a hankali, ta nutsa kwalba a ciki, ta rufe murfin tun kwalbar tana ƙarƙashin ruwan.

"Me ya sa ba ki tara a famfo kawai ba?"

"Abin da muke nema gudu yake da zarar ruwa ya motsa. Ko kumfa ɗaya ta shiga, gwajin ya ɓaci."

Kalmar ta taɓa shi, ya kau da kai.

Tana haɗa kayanta sai ta ji ƙarar ruwa a bayan ƙofar ƙarfe. Ta tambaya, ya buɗe mata da alfahari. Auta na ciki, jaririya a bayanta, shawa na feshi, iskar ɗakin ta yi nauyi da danshi. Matar ta dubi bango huɗu, kamar yadda wata ta taɓa dubawa. Ta tambayi Auta awa nawa take yi a ciki, da wanda yake yi kafin ita. Auta ta faɗa mata a hankali. Matar ta ciro wani ɗan gwangwani ta ɗora a kan kantar da ake ajiye sabulu, ta ce kada a taɓa, za ta aiko a ɗauka bayan kwana huɗu.

Sati biyu bayan nan ta dawo da kanta. Aka ba ta kujera, ta zauna a bakin-bakinta, takarda a cinya.

"Baba, ruwanka ba ƙwayar cuta, ba datti. Ban ga mai tsabtarsa ba a unguwar nan."

"Na gaya miki."

"Amma akwai wani abu. Irin dutsen nan yana fitar da wata iskar gas, sunanta radon. Tana narkewa a ruwan da ke kwance cikin dutsen. In ruwan ya fito aka watsa shi, aka fesa, aka cuɗa kaya da shi, sai ta bar ruwan ta shiga iskar ɗaki. A fili ba ta taruwa, iska na kwashe ta. A ɗakin da yake rufe kuwa sai ta taru, mutum ya yi ta shaƙa. Shan ruwan ba shi ne babban abin tsoro ba. Shaƙar ce, shekara da shekaru. Huhu take ci."

Ya tashi, ya shiga ɗaki, ya fito da kofin gilashinsa. Ya cika a famfo, ya ɗaga a rana.

"Duba. Me kika gani? Sansana."

"Ba ta da launi, Baba. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ba laifin harshenka ba ne. Ba harshen da zai ji ta."

"Shekara arba'in..."

"Na sani. Kuma gyaran ba wuya. A sa tanki a waje mai hanyar iska, ruwan ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama kafin ya shiga gida. A fasa tagogi. Ko ruwan da aka juye a mazubi aka bar shi a buɗe 'yan kwanaki ma, da yawanta ta fita. Abin da na auna a ɗakin can ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Kada a sake rufe mutum a ciki."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da bai kwance ba.

Fasa-Dutse yana tsaye da kofin a hannu. Da ya yi magana, muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Wanda ya shekara goma sha takwas a ciki fa?"

"Baba, ba wanda zai iya rantse maka cewa ita ce. Ciwon yana kama wasu ba tare da ita ba. Ni ma ba zan iya rantsewa ba."

"Za ki iya rantse mini cewa ba ita ba ce?"

Matar ta dubi takardar da ke cinyarta.

Ya ɗaga kofin ya shanye tas a gabanta, ya goge baki. "Mun gode, 'yata. Ki gaida gida."

Da ta tafi ya ce wa Auta mutanen nan tanki suke so su sayar. Ya ce kowa da ranarsa, ba ruwan dutse da ajali. Ya ce uwarta har ta koma ga Allah ba ta yarda da wani ruwa ba sai wannan. Auta ta ce, "Haka ne, Baba." Ba ta yi masa musu ba, ta san abin da yake dogarawa. Kayan mutane kuwa sun taru, dole a wanke. Sai ta ci gaba da shiga ɗakin, amma ta riƙa tokare ƙofar da bokiti, a buɗe.

Kwana uku bai ci abincin kirki ba, bai kuma kalli wajen ɗakin ba.

Ran na huɗu da hantsi iska ta taso, tana kwasar ganye a tsakar gida. Ya fito zai wuce, ya ga ƙofar a buɗe da fararen zannuwa jibge a bakin kwami. Bai yi tunani ba. Shekara goma sha takwas hannunsa yana yin wannan aikin in iska ta taso: ya ture bokitin da ƙafa, ya ja ƙofar, ta kama bakinta tsaf, kamar yadda ya ƙera ta.

Hannunsa na kan ƙarfen sai ya ji tari daga ciki. Ɗan ƙaramin tari, na jaririya, mai yiwuwa garin sabulu ne ya shigar mata hanci. Sau biyu ta yi, ta yi shiru. Ruwa na ta zuba.

Ya tsaya. Allah kaɗai ya san abin da ya gani a jikin ƙofar nan.

Ya fizge ta da ƙarfin da ya sa ta bugi bango.

"Fito."

"Baba, saura ɗauraya kaɗai..."

"Auta, fito mini da yarinyar nan. Don Allah."

Ba ta taɓa jin ya haɗa ta da Allah ba. Ta kashe ruwan ta fito, hannu duk kumfa.

Ya ɗauko babbar gudumarsa, wadda ya daina ɗagawa tun da kafaɗa ta fara ba shi labari. Ya tuɓe riga. Bangon bai ba shi sauƙi ba, don shi ya gina shi, kuma bai yi ha'incin siminti ba. Maƙwabta suka leƙo, wani ya ce a kawo masa magina, ya ce a'a. Har la'asar yana duka. Ya fasa taga ɗaya ta gabas, ya fasa ɗaya ta yamma, kowace sai mutum ya wuce ta ciki.

Da ƙura ta lafa, rana ta shiga ɗakin karo na farko tun da aka yi masa rufi. Ta sauka a kan kantar sabulu, inda ragowar sabulun Goggo ya bushe ya tsage, da tsohon ɗankwalinta a jikin ƙusa, wanda ba wanda ya iya cirewa. A gefen kwami simintin ya lotsa ya yi santsi daidai inda take jingina cikinta. Fasa-Dutse ya ɗora tafinsa a wurin. Auta ta ja 'yarta ta koma ɗaki, ta bar shi. Abin da bai yi a gaban masu gaisuwa ba, a nan ya yi shi.

Kafin magariba ya zagaya bayan ɗaki. Randunan suna nan a kife, ɗaya ta tsage, uku lafiya. Ya mirgino su gindin katanga, mazauninsu na da, ya wanke su ciki da waje, ya cika su da tiyo daga nesa, ruwan yana faɗawa yana fantsama. Auta ta kawo moɗa za ta ɗiba.

"Bari," ya ce. "Bai kwana ba."

Washegari ya sa rigarsa ta fita, ya hau keke ya tafi ofishin lafiya. Ya sami matar, ya ce mata ta ɗauko biro. Ya lissafa mata duk gidan da ya taɓa fasa wa dutse, da zurfin kowace rijiya, da inda bututunta ya shiga, ba tare da ya duba takarda ba. Sannan ya ce zai raka ta, don in ita kaɗai ta je, za a ce mata Fasa-Dutse ya riga ya gwada.

Haka suka riƙa bi gida-gida. Shi yake yin sallama, shi yake fara magana. "Ni na haƙa muku, ni na ce ku sha. Akwai abin da ban sani ba." Wasu gidajen aka auna ba a sami abin damuwa ba. Wasu aka samu. Wani mai gida ya rungume shi, wani ya ce tsufa ne ya taɓa shi, wata tsohuwa ta tambaye shi ko abin da ya ɗauke Goggo ke nan. Ya ce mata, "Allah ne masani," ya tambayi inda banɗakinsu yake, ya duba ko da taga.

An sa tankin a gidansa, a kan ƙafafun ƙarfe, ruwa na zubowa cikinsa daga sama. An sake aunawa, an ce ya sauka. Auta tana wankinta da tagogi biyu, kuma fararen kayan ba su fi na da yin datti ba. Kofin gilashin yana cikin tsummansa a ƙasan akwati. Ba a ƙara ganin ya ɗaga shi a rana ba.

Randunan dai bai yarda a kife su ba, ko da matar ofishin ta ce yanzu ba dole. Shi yake cika su, shi yake yafa musu yadi, yana sa wa kowace alama da gawayi don ya san wadda ta riga. Da safe, kafin gidan ya tashi sosai, yakan je gindin katanga ya ɗaga yadin wadda ta fi daɗewa, ya leƙa. Auta ta ce ta sha jin sa daga taga yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ba wani haƙuri.

"Ya kwana, Kumfa," yakan ce. "Ya huce."